Rabon rumbun duniya

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na jihar Maradi. Wata ranar rani ina koya wa manya lissafin rabawa. Na ce: dami 60, gida 6, nawa kowa zai samu? Wani tsoho ya ce: "Mushe, kafin a raba sai a tambaya wa ya riga ya ɗiba." Aka yi dariya. Ni kuwa maganar ta zauna mini, don ita ce gardamar ƙasashen duniya a yau.

Ga yadda abin yake. Hayaƙin gawayin ƙasa da fetur da gas yana taruwa a sama, yana riƙe zafi kamar bargo. A taron Paris na 2015 ƙasashe suka yarda kada ƙarin zafi ya kai digiri 2, a yi ƙoƙari ya tsaya 1 da rabi. A 2021 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka auna: daga farkon 2020, hayaƙin da ya rage a saki wajen tan miliyar 500 ne. Duniya kuwa tana sakin wajen miliyar 40 kowace shekara. Ɗauki allonka ka raba. Bai kai shekara 13 ba. Wannan shi ne rumbun, kuma ana ta ɗiba.

To, yaya za a raba shi? Wasu na son kowa ya rage daga inda yake, mai babbar loma ya ci gaba da babbar loma. Wasu sun ce a ƙidaya kawuna. Wasu sun ce a haɗa da abin da aka ci tun da, wato maganar tsohon nan. Sin ce ta fi kowa hayaƙi yanzu, amma in aka tara na tarihi Amurka ce gaba. Hayaƙin mutum guda na Amurka ya fi na ƴan Nijar 100.

Duk da haka ruwan 2024 bai tambayi rabon kowa ba. Ya rushe gidaje a Maradi, ya kada tsohon masallacin Damagaram.

Ni dai ina bayan tsoho. Ɗalibaina da fitilar hannu suke bitar karatu. Ƙauyenmu na bukatar lantarki da injin ban ruwa. Wanda ya ƙoshi shi ya kamata ya fara janye hannu, ya kuma taimaka mana da kuɗin wutar rana. Tun taron Rio na 1992 aka yarda cewa nauyin na kowa ne, amma ba daidai yake ba.

Mu ma ba mu zauna ba. Manoman Maradi da Damagaram sun raya gawo da sauran itatuwa cikin gonaki, wajen hekta miliyan 5. A sa wannan cikin lissafi.

Ɗan uwa, koyi rabawa da kyau. In ana rabo, ka san abin da za ka tambaya.