Wa Zai Tace Littafin da Ke Cikin Waya?



Lokacin da aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, littafi yana da ƙofa: sai ya bi ta maɗaba'a, sannan ya isa rumfar mai sayarwa. Hukuma na iya tsayawa a bakin ƙofar nan. Yau kuwa a waya muke rubutu, muna saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Marubuciya tana Maraɗi, mai karatu yana Kumasi. A ina jami'in Kano zai tare su?

Sai muka koma rubuta "na matan aure ne kawai" a saman shafi. Alhali mun san waya ba ta tambayar shekaru, kuma wannan gargaɗin shi ya fi jan hankalin 'yar sakandare. Da an tura shafin gaba ma, an goge shi.

Tacewar da ta rage tana hannunmu, mu da masu kula da zaurukanmu. Kafin mu saki shafi, mu tambayi kanmu: mun yarda ƙanwarmu ta karanta shi da sunanmu a kai? In ba mu yarda ba, mu koma mu gyara.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.