Wasiƙa Daga Ohayo: Aikin da Ba a Riƙe Jan Biro

Zuwa ga Malam,

 Ina fata kuna lafiya, ku da iyali da ɗalibai. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi. Hunturun Ohayo ya wuce duk labarin da ake ba mu, ƙanƙara ke zuba, wajen ƙarfe biyar na yamma kuma gari ya yi duhu.

Kun tambaye ni a waya wane aiki na samu, layi bai bari na yi bayani ba. Bizar ɗalibai da muke zaune da ita, F-1, ta yarda mutum ya yi aiki a cikin makaranta, amma kada ya wuce awa 20 a mako muddin ana zangon karatu. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu suna ɗakin cin abinci ko laburare. Ni kuwa malamar da ta koya mana rubutu a shekarar farko ce ta miƙa sunana ga cibiyar rubutu ta jami'a. Na kai musu wani rubutuna suka duba, suka yi mini tambayoyi, sannan na yi zango guda ina ɗaukar darasin horo, ina kuma zama gefen waɗanda suka riga ni ina kallon yadda suke yi.

Cibiyar ɗaki ce a cikin laburare, da 'yan tebura. Ɗalibi ya kama lokaci ta intanet, rabin awa ko awa guda, ya zo da aikin da malaminsa ya ba shi, ya zauna da ɗalibi ɗan'uwansa. Ba ya biyan ko sisi, jami'a ke biyanmu. Wannan tsari ya samo ƙarfi ne bayan 1970, lokacin da jami'ar birnin Niyok ta buɗe ƙofa ga duk ɗan birnin da ya gama sakandare, aka cika da ɗaliban da rubutu ke ba wahala. Wani malami a Kwalejin Brooklyn, Kenneth Bruffee, ya lura cewa taimakon da malamai ke bayarwa yaran ba sa zuwa nema, sai ya horar da ɗalibai su taimaki junansu. A 1976 Muriel Harris ta kafa cibiyar rubutu ta Jami'ar Purdue, wadda shafinta na intanet ya shahara har yau. Da aka ba mu wannan tarihi, ni gardi na tuna yana biya wa ƙolo allonsa a tsangaya, malam na can gefe.

Dokar farko ita ce za ta ba ku mamaki, Malam, ku da jan biro bai taɓa barin aljihunku ba: ba ma gyara wa kowa rubutu. Biron yana hannun mai takarda. Sai in ce ya karanta da ƙarfi, kuma sau da yawa kafin ya kai ƙarshen shafi shi da kansa ya ji inda maganar ta karkace. Daga nan sai tambaya. Me kake son ka ce a nan? Ina hujjarka? Wannan sakin layin me ya haɗa shi da na baya? Babbar matsala ake fara kamawa, wato tsarin tunani, kafin a sauko kan waƙafi da aya. Maki ba namu ba ne, ko an tambaye mu ba ma hasashe. An sa mun karanta maƙalar Stephen North ta 1984, wadda ta nuna cewa marubucin ake son ya inganta, ba takardar da ke gabansa kaɗai ba. Akwai kuma tsoron laifin satar rubutu, wanda a nan yana iya kai ɗalibi ga kora. In na rubuta masa jimloli, aikin ya tashi daga nasa.

Na yarda da tsarin, amma ba ɗari bisa ɗari ba. Ga ɗan Amurka da ya tashi da Turanci a baki, tambaya tana fito da abin da ya riga ya sani. To, yarinyar da ta zo daga Sin ko Saudiyya fa? Ƙananan kalmomin nan da Turanci ke sawa a gaban suna, ko ka kwana kana tambayarta ba za ta haƙo ƙa'idar da ba a taɓa koya mata ba. Irin wannan nakan faɗa mata ƙa'idar kai tsaye, mu gyara guda tare, ta nemo sauran da kanta. A nan ne karatunku ya yi mini rana. Abokan aikina Amurkawa kunnensu ke gaya musu jimla ta ɓaci, dalilin kuwa sai su yi shiru. Mu da aka sa mu haddace ƙa'ida muna da amsa. Wasu in sun ji harshena sukan yi turus, kamar suna cewa wannan ne zai duba mini Turanci? Ba na jin haushi, in an fara aiki sai a manta.

Wani abin da nake yawan bayyana wa baƙi irina shi ne, malaman nan suna son ka faɗi matsayarka tun a sakin layi na farko. Mu mun saba da shimfiɗa, a gaisa, a kewaya, sannan a zo kan magana. Ba na ce musu namu kuskure ne, ina dai ce musu kowace kasuwa da irin cinikinta.

Malam, na san yawan yaran da ke ajinku, da tulin littattafan da kuke kwasa gida. Ina roƙo ku gwada da 'yan aji shida kafin jarrabawar WAEC: ku haɗa su biyu-biyu, kowa ya karanta wa ɗan'uwansa insha'insa da ƙarfi, mai sauraro ya yi tambaya kawai, kada ya taɓa biro. In kun gwada, ku ba ni labarin yadda ta kaya.

A gaida Hajiya da yara, da sauran malamai. A sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗalibinku.