Rana da Na'ura

A ƙasar Kurfai ba a koya wa mutum shanya. Idan hunturu ya shigo Filinge, iskar da ke ratsa Dallol Bosso kan busar da yankakkiyar kuɓewa da kaudar tumatir a kan tabarma, ba kuɗin wuta, ba na gyara. Mahauta kuma su feɗe nama fale-fale, su shanya, su tsoma shi cikin labu na tunkuza da yaji, su sake shanyawa kafin kilishi ya ga wuta.

Shi ya sa na jima ina ganin na'urar busar da abinci, mai farantai hawa-hawa da 'yar fanka, a matsayin kayan 'yan Yamai. Amma akwai inda ta fi rana. Ƙuda ba ya shiga, ƙura ma haka. Zogale, wanda rana ke kashe wa kore, yakan fito da launinsa. Idan Layya ta faɗo cikin damina, naman da aka rataya a igiya sai ya soma wari kafin ya bushe.

Ƙanƙantarta ce ke hana ni saye. Cinyar rago ɗaya ta cika ta, alhali gidanmu kwando-kwando muke shanya.