Gida a Kan Teku: Jirage Uku a Tashar Las Palmas

Las Palmas babban birni ne a tsibirin Gran Canaria, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, daura da gaɓar Maroko. Duk watan Nuwamba tasharta ta ƙananan jirage takan cika da jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda ake ɗaga musu manyan ƙyallaye a kan dogon turke. Tun 1986 ake yin gangamin da ake kira ARC, inda a yanzu jirage ke tashi tare su ƙetare Tekun Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia, tafiyar kusan kilomita 5,000 da kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Da yawa daga cikin matafiyan iyalai ne, wasu har da yara, kuma jirgin shi ne gidansu.

Na zagaya tashar ina leƙa matsakaitan jirage masu tsawon mita 11 zuwa 14. Iri uku suka fi ɗaukar hankalina.

Na farko shi ne Oceanis na kamfanin Beneteau na Faransa, wanda aka kafa a 1884. Cikinsa fili ne da haske, da ɗakin kwana biyu ko uku, kuma ya fi sauran sauƙin kuɗi. Ba shi da nauyi sosai, don haka ko iska kaɗan ce yana tafiya. Amma idan teku ta harzuƙa, gabansa kan daki igiyar ruwa da ƙarfi, kuma falo mai faɗi na nufin tazara kafin hannu ya kai ga abin riƙewa.

Na biyu Hallberg-Rassy ne daga tsibirin Orust na Suwidin. Ya fi nauyi, ya fi tsada. Mazaunin matuƙi yana tsakiyar jirgin, da gilashi mai tare iska da feshin ruwa. Madafarsa matsattsiya ce, kuma wannan alheri ne: mai girki tana iya jingina ta tokare jikinta. Ba ya saurin tashi idan iska ta yi sanyi, amma tafiyarsa a natse take cikin hadari.

Waɗannan biyun duk jiki ɗaya gare su, kuma suna karkata gefe idan iska ta cika ƙyallen. Shi ya sa ake rataye murhunsu yadda zai riƙa lilo, tukunya ta tsaya daidai. Nauyin ƙarfe ko dalma da ke ƙarƙashinsu shi ke maido su tsaye idan iska ta kwantar da su.

Na uku Lagoon ne, katamaran, wato jirgi mai jiki biyu kamar tagwaye da aka haɗa da dandamali. Ba ya karkata sosai. Falo da madafa suna sama, uwa na girki tana ganin yaranta. Ga wurin shanya, ga fili na shimfiɗa darduma. Sai dai faɗinsa kusan mita 7 ne ko fiye, alhali mai jiki ɗaya bai wuce 4 da 'yan kai ba, don haka kuɗin ajiye shi a tasha ya fi yawa, ga inji biyu da za a kula da su. Da wuya ya kife, amma idan ya kife ba ya miƙewa da kansa.

A idon ma'aikaciyar jinya, tambayar ba ta gudu ba ce. A tsakiyar Atlantika jirgi mai saukar ungulu ba ya iya kaiwa gare ki. Jirin teku yakan lafa bayan kwana biyu ko uku, amma yaro mai amai yana saurin rasa ruwan jiki, dole a tanadi gishirin ORS. Ƙuna daga tukunya da faɗuwa a matakala suna cikin raunukan da aka saba gani. Ruwan sha kuwa lita ɗaruruwa ne kacal a tanki, sai ko injin tace ruwan teku, shi ma yana iya lalacewa. Jiragen masu yara ana gane su da ragar da aka kewaye su da ita, kuma yaro ba ya fitowa waje sai da rigar ceto da igiya a ɗaure.

Da ni zan zaɓa, ga iyali mai ƙananan yara da zai fi zama kusa da gaɓa, katamaran. Ga doguwar ƙetara, mai nauyin nan na Suwidin.

Akwai kuma wasu jiragen da ke shigowa waɗannan tsibirai. Kwale-kwalen katako ne daga Senegal, Muritaniya da Gambiya, ba rufi, ba isasshen ruwa, ba rigar ceto. A 2024 sama da mutum 46,000 suka iso Kanari ta wannan hanya, dubbai kuma ba su iso ba. Masu hali suna shafe watanni suna shiri kafin su tunkari wannan teku. Idan ɗanki ko ƙaninki ya fara zancen bin ta ruwa zuwa Turai, ki zaunar da shi ki faɗa masa haka.