Azurfar Larabawa a Gonar Gotland

Ku matso, 'yan'uwa, tunda shayin bai kai ga tafasa ba. Akwai labarin wani tsibiri da ya kwana biyu yana cina a rai, kuma ban ga waɗanda zan faɗa wa su ji shi yadda nake jinsa ba sai ku.

Gotland sunansa. Lardi ne daga tsofaffin lardunan Suwidin, yana tsakiyar Tekun Baltik, kimanin kilomita 90 daga gaɓar ƙasar. Mutanensa ba su wuce dubu 60 da 'yan kai ba, ko wata unguwa ta Kano ta fi shi jama'a. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a kan farin dutse, irin wanda ake yin siminti da shi, shi ya sa ruwan sama ba ya zama, har sukan yi fama da ƙarancin ruwan sha da bazara alhali teku ya kewaye su. Makiyayan tumaki ne, rago ne ma a jikin tutarsu. Suna da tsohon harshensu, Gutniyanci, da wani tsohon labari da ake kira Gutasaga, wanda ya ce da can tsibirin nutsewa yake yi da rana ya taso da dare, sai da wani mutum mai suna Tjelvar ya kawo wuta sannan ya tsaya wuri ɗaya.

To, ga inda zancen ya kama ni. A watan Yuli na 1999, a wata gona da ake kira Spillings kusa da garin Slite, masu bincike suka zo da na'urar gano ƙarfe, ta yi ƙara. Da aka tona, sai ga azurfa mai nauyin kilo 67. Awarwaro kusan 500, da tsabar kuɗi sama da dubu 14. Malam, ajiye kofin nan ka ji: kusan duk kuɗin nan dirhami ne na ƙasashen Musulmi, yawancinsu na zamanin Abbasiyawa, da rubutun Larabci da kalmar shahada a jikinsu. An binne su wajen shekarar 870, ƙarƙashin daɓen wani ɗaki, a ƙasar da a lokacin ko Kiristanci bai kafu ba, gumaka ake bauta wa. Mai dukiyar ya rufe ƙasa, ya tafi, bai dawo ba har abada.

Cikin tarin akwai kwabo ɗaya da ya bambanta. A inda aka saba rubuta sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an ƙara da ambaton Annabi Musa a matsayin manzo. Masana sun ce Khazarawa ne suka buga shi, mutanen da ke zaune kusa da Tekun Kasfiya, waɗanda sarakunansu suka karɓi addinin Yahudu. Kwabo ɗaya, amma ya nuna maka hanyar da kuɗin suka biyo.

Kuna tambaya yaya aka yi suka kai can? Fatauci. Mutanen arewacin Turai sukan bi kogunan Rasha da kwalekwale, su gangara Kogin Volga har kasuwannin da fataken Musulmi ke zuwa. Ibn Fadlan, jakadan Halifa daga Bagadaza, ya ga irin waɗannan mutanen da idonsa a bakin Volga a 922, ya kuma rubuta yadda suke. Suna kai fatun dabbobi masu gashi, da takubba, da zuma, da kakin zuma. Suna kai bayi kuma. Wannan ba zan ɓoye muku ba, domin yana damuna: wani kaso na azurfar nan kuɗin 'ya'yan mutane ne da aka raba da iyayensu. Su kuwa mutanen Gotland ba su damu da abin da aka rubuta a jikin kuɗin ba, awo suke yi a sikeli, in ciniki bai kai kwabo ba su datsa shi gida biyu. An gano irin wannan ɓoyayyar dukiya fiye da 700 a tsibirin.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, masu wannan arziki manoma ne. Mutum yana da gonarsa, yana da tumakinsa, yana da jirginsa a bakin ruwa. Da Kiristanci ya shigo, su suka gina majami'un dutse ƙauye-ƙauye, 92 suna nan tsaye har yau. Ba sarki ne ya gina musu ba.

Sai birni ya taso. Visby ta cika da attajirai, da yawansu Jamusawa masu alaƙa da ƙungiyar fatake ta Hansa, suka janye cinikin zuwa hannunsu. Suka kewaye kansu da ganuwa, tsawonta ya haura kilomita 3, tana nan har gobe, UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihin duniya a 1995. Mu da muka tashi muna jin labarin ganuwa, mun ɗauka ai mafaka ce, in yaƙi ya zo talakan ƙauye ya kwaso iyalinsa ya shige. Wannan kuwa don maƙwabta aka ɗaga ta. A 1288 har yaƙi aka gwabza tsakanin 'yan birni da manoman tsibirin.

Yanzu ku ji 1361. Sarkin Danmak, Valdemar Atterdag, ya sauka da ƙwararrun mayaƙa. Manoma suka tare shi a hanya, aka karya su. Ranar 27 ga Yuli suka sake tsayawa, a gindin ganuwar Visby. Ƙofa a rufe. Aka kashe kimanin mutum 1,800 a wajen, mutanen birni suna ciki, daga baya suka buɗe wa Valdemar suka yi sulhu, ya bar musu 'yancin cinikinsu.

Lokacin zafi ne, gawa ta yi yawa, aka zuba su a manyan ramuka cikin gaggawa, wasu ko sulken jikinsu ba a cire ba, alhali sulke dukiya ce da ba a binnewa. Daga 1905 aka fara tona ramukan. Ƙasusuwan suka nuna cewa da yawa tsofaffi ne, da samari da ba su gama girma ba, da naƙasassu. Yawancin saran a ƙafa yake. Akwai wanda sara ɗaya ya datse masa ƙafafu biyu. Wallahi duk sanda na tuna da samarin nan, sai in ga kamar ƙannenmu ne, an miƙa musu gatari an ce su tare sojan haya.

Daga wannan zamanin ƙauyukan ba su sake komawa yadda suke ba. Annoba ta riga ta ci mutane, ciniki ya koma wasu hanyoyi, ginin majami'u ya tsaya cak. Tsibirin ya daɗe a hannun Danmak, sai a 1645 ya koma Suwidin.

Yau Visby garin 'yan yawon buɗe ido ne. Duk watan Agusta sukan yi mako guda suna sa tufafin mutanen da, suna wasan dawaki da mashi, suna cin wata wainar shinkafa mai za'afaran da tsibirin ya yi suna da ita. Azurfar Spillings tana gidan tarihin garin, duk mai iya karanta Larabci zai tsaya gaban gilashi ya gwada haɗa haruffanta. In ka fita ta gabashin ganuwar, ka ɗan taka kaɗan, za ka tarar da wani tsohon gicciyen dutse a inda aka binne manoman. Tsakaninsa da ƙofar da ba a buɗe musu ba, tafiyar 'yan mintoci ce.

Yaya, sauke tukunyar nan, ta tafasa tun ɗazu.