Takalmin Da Na Tsara Da Kaina

A shekarar 1999 ne kamfanin Nike na ƙasar Amurka ya buɗe wa masu saye hanyar tsara takalmansu ta intanet, da sunan NikeiD, wanda ya koma Nike By You a 2019. Ta wannan hanya na mallaki takalmin da nake buga ƙwallon kwando da shi.

Aikin akwai daɗi. Mutum zai zauna gaban kwamfuta, hoton takalmi na gabansa, ya zaɓi launin jiki da na igiya da na tafi, har ya sa haruffan sunansa. Ni kore da fari na ɗauka, bayan dare biyu ina saƙa da warwara. Sai dai a lura, wannan ba aikin baduku ba ne, mai aza ƙafarka a kan kwali ya zagaye ta da alƙalami. A nan ado kake zaɓa. Girma kuwa sai cikin lambobin da aka saba. Mai faffaɗar ƙafa gara ya gwada irinsa kafin ya biya kuɗi.

Da takalmin ya iso, sai shawara ta taso. Filinmu na siminti ne, siminti kuwa cin tafin takalmi yake yi kamar gara. Abokaina suka ce in adana shi don kwalliyar sallah. Ban yarda ba, domin yana riƙe mini idon sawu duk lokacin da na dira daga tsalle, kuma don haka na saye shi. Yanzu farin ya koma ruwan ƙasa, haruffan dai suna nan.