Wanzamin Bahar Maliya

Idan ka bar Sharm el-Sheikh ka nufi Ras Muhammad, ba abin da za ka gani sai hamada da jajayen duwatsu, har ka isa inda ƙasar Sina'i ta tsuke ta ƙare a cikin teku. Mashigin Suwez na yamma, mashigin Aƙaba na gabas, a nan suke haɗuwa. A shekarar 1983 gwamnatin Masar ta killace wurin, ya zama gandun farko da ƙasar ta keɓe don kare halittu. A tudu ƙasa ce busasshiya ƙayau, da kyar ka ga ganye in ban da 'yan itatuwan da suka tsiro cikin ruwan gishiri. Amma da zarar ka sa tabarau na ruwa, ka kama bututun numfashi da baki, ka kifa fuskarka, sai ka ga inda Allah ya ajiye dukiyar wurin: murjani sama da iri 200, kifi kimanin iri 1,000, ruwa garau har ƙasa.

Yawancin baƙi manyan kifaye suke zuwa nema. Ni kuwa wanda ya tafi da hankalina bai wuce santimita 10 ba. Mai yi mana jagora, wani Balaraben ƙauyen Sina'i, shi ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ya ustaz, tsaya nan, kada ka motsa." Ya nuna mini wani dutsen murjani inda kifaye suka yi cirko-cirko, ba sa kiwo, ba sa gudu. A tsakaninsu wani siririn kifi yana ta kai da komo, gabansa fari-fari, bayansa shuɗi, da baƙin zane da ya taso daga baki yana ƙara faɗi har wutsiya. Masana suna kiransa Labroides dimidiatus. Sana'arsa ita ce cire wa sauran kifaye ƙwari masu shan jini da matacciyar fata, kuma abin da ya cire shi ne abincinsa. Wanzami ne sosai, da rumfarsa da ba ya sauyawa, da mutanensa da suka san hanya.

Ina nan sai ga wani jan kifi mai ɗigon shuɗi da faffaɗan baki, irin wanda ƙananan kifaye ne cimarsa. Ya zo ya tsaya cak, ya baje fukafukai, ya wangale baki. Ɗan wanzamin ya tarye shi da wata 'yar rawa, yana ɗaga bayansa sama da ƙasa, sannan ya bi jikinsa yana tsinta. Ya leƙa ƙarƙashin marfin kumatu inda kifi ke numfashi, ya fito, ya shige cikin bakin nan gaba ɗaya ya ɓace. Loma guda ce, da mai bakin ya so. Bai so ba. Da ya gaji, sai ya ɗan rufe baki ya sake buɗewa, ya girgiza jiki, ɗan wanzami ya fito lafiya ƙalau ya koma kan na gaba. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sa mafarauci ya riƙe amanar abin farautarsa.

Aikin ba na wasa ba ne. Alexandra Grutter, wadda ta yi bincike a tsibirin Lizard na Ostareliya, ta gano cewa wanzami ɗaya yakan duba kifaye sama da 2,000 a yini, ya cinye ƙwari kimanin 1,200. A nan Ras Muhammad kuwa, Redouan Bshary ya daɗe yana bin waɗannan wanzaman a ƙarƙashin ruwa. A binciken da ya wallafa a 2003 ya nuna cewa dutsen da ya rasa wanzaminsa, bayan 'yan watanni ire-iren kifin da ke zuwa wurin sukan ragu, wanda aka kai masa sabo kuma, cikin 'yan makonni sai ya cika.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda amanar take tsayawa, domin ɗan kifin nan yana da kwaɗayinsa. Ya fi son yauƙin da ke lulluɓe da jikin kifi a kan ƙwarin, alhali yauƙin nan shi ne garkuwar mai shi daga cuta. Wani lokaci yakan faki ido ya gatsa, sai ka ga wanda aka ciza ya zabura. In mazaunin dutsen ne da ba shi da wata rumfar zuwa, sai ya bi shi da gudu ya kore shi, kuma horon yana aiki, don a zuwa na gaba yakan samu kyakkyawar kulawa. In baƙo ne mai yawo da ya san rumfuna da yawa, sai ya yi tafiyarsa wurin wani. Saboda haka wanzamin yakan fara sallamar baƙo ya bar ɗan gida yana jira. In ya yi laifi yakan ba da haƙuri, ya hau bayan wanda ya ɓata wa yana shafa shi da fukafukansa har ya huce. In ya lura wasu suna kallo, sai ya rage cizo, don mai kallo yau shi ne mai zuwa gobe. Masu cin kifi kuwa, da wuya ya kuskura ya ha'ince su. Har akwai wani kifin na dabam da ya ari kalarsa da rawarsa, a saki jiki da shi ya yagi fata ya gudu. Ba a kwaikwayon wanda ba shi da suna mai kyau.

Zaman gidansu ma abin mamaki ne. Namiji ɗaya ne da mata da yawa, kowace da matsayinta gwargwadon girmanta. In namijin ya mutu, babbar cikinsu cikin 'yan sa'o'i za ta fara nuna halin namiji, cikin 'yan makonni ta rikiɗe ta zama namiji cikakke mai haihuwa. D. R. Robertson ne ya bayyana haka a 1972. Da dare kuma kowanne yakan shige rami, ya naɗe kansa cikin yauƙin da ya fitar, ya kwana. A 2019 Masanori Kohda da abokan aikinsa a Osaka ta Japan sun sa wa wasu daga cikin wanzaman ɗigon launi a maƙogwaro, inda ba sa iya gani sai a madubi. Da suka duba madubin, sai suka je suna goga maƙogwaro a ƙasa don su cire shi. Har yau masana na muhawara kan ma'anar wannan, amma ya sa an daina raina ƙwaƙwalwar kifi.

Dole in yaba wa mutanen wurin. A gandun an hana taɓa murjani, an hana ɗaukar ko da ɓawon katantanwa, an hana ba kifi abinci, kuma jagoranmu bai ɗaga wa kowa ƙafa ba. Wani baƙo ya miƙa ƙafa zai taka dutse ya huta, nan take ya daka masa tsawa, sannan da muka fito ya yi masa bayani cikin ladabi cewa abin da zai taka rayayye ne, shekaru masu yawa ya yi yana girma. Wannan tsare doka shi ya sa kifayen ba sa tsoron mutum, har ka matso kusa ka ga aikinsu da idonka. A wasu tekunan ana kama ɗan wanzamin nan a sayar wa masu ajiye kifi a akwatin gilashi, inda da yawa ba sa daɗewa, dutsen da aka ɗauke shi kuma ya shiga asara.

Mutanenmu suna zuwa Alƙahira karatu a Azhar, ko neman magani, ko fatauci. Wanda Allah ya hore wa hali, ya ƙarasa Sina'i. Ba sai ka iya nutso ba, rigar da ke hana nutsewa da tabarau sun isa, domin rumfunan suna nan a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa. Ka je da safe, ka nemi dutsen da kifaye suka tsaya a kansa ba sa kiwo, ka tattara hannuwanka a jikinka, ka ba wanzamin lokacinsa.